Tauraro biyar ko galo uku: wai wa ya fi wani a gidan soja?

Wai shin taurari biyar ɗin da aka liƙa ma Janar Abdourahamane Tiani ran 26 ga Maris 2025 mi suke nufi, marshal ya zama ko har yanzu janar ne? Kuma in Ibrahim Traoré na Burkina kapiten ne kawai, ya ake yi kolonel da janar na ƙasarshi suke ƙame mishi suna sara mishi? Wannan gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu ta shayi nan Tahoua, duk sanda aka nuno wani mai kaki a telebijin sai ta dawo sabuwa fil, wani ya ce tauraro biyar babu irinshi a Afirka kaf, wani ya ce ai a Najeriya ma ya ga yaro ƙarami da tauraro uku a kafaɗa yana tsaye bakin shinge, wani kuma ya rantse kumandan ya fi kolonel tunda ko a da kumandan ke mulkin gari. Kowa na da ɗan guntun gaskiya a bakinshi, matsalar ita ce ana haɗa tsari biyu da ba ɗaya ba, na Faransa da muka gada da na Ingila da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka suka gada, sannan ana haɗa galo, wato alamar muƙami da ke kafaɗa, da kujera alhali kowanne da hanyarshi.

Ni ba soja ba ne, amma a hannun soja na tashi, kawuna ya yi ritaya yana ajidan-shef, kuma abin da na sani na karatun kafaɗa a bakinshi na fara jin shi tun ina goge mishi takalmi.

Tsanin yana da hawa huɗu

Rundunar sojan Nijar, wadda ake taƙaita sunanta da FAN, an kafa ta ne bayan 'yancin kai na 1960, kuma waɗanda suka fara riƙe ta sojojin da suka yi aiki ƙarƙashin tutar Faransa ne, shi ya sa sunayen muƙamai da alamominsu duk kwafin na can ne da ɗan gyara kaɗan.

Hawa na farko na ƙananan sojoji ne. Yaro ya shiga kurtu, ya sha rana a Tondibiya ko wata cibiyar horo, ya fito soja mai aji na biyu, wato dozyam kilas a bakin 'yan bariki, kafaɗarshi fayau babu komi. Daga nan aji na ɗaya, sai kaporal, sai kaporal-shef. Su ne mafi yawa, su ne masu gadi, su ne a bayan mota da bindiga, su ne kuma in an kai hari ake fara lissafa gawarsu.

Hawa na biyu shi ne na su suzofisiye, masu tsakanin ƙananan sojoji da hafsoshi ke nan: sarjan, sarjan-shef, ajidan, ajidan-shef, sannan a can ƙoli majo. Akwai makarantarsu a Agadas, ENSOA, akwai kuma masu hawowa daga ƙasa da jarabawa da daɗewa. In ka tambaye ni, nan ne ƙashin bayan soja yake. Sarjan ke riƙe da mutum wajen goma, ya san wanda matarshi ta haihu, ya san wanda ke ɓoye ciwon ƙafa, ya san wanda in aka ba shi gadi zai yi barci. Ajidan kuwa shi ne uban bariki, abinci, tsabta, jeri, horo, duk a wuyanshi, shi ya sa kurtu ya fi tsoron ajidan da janar, don janar sai ranar fareti zai hango shi daga nesa, ajidan ko da asuba yana kanshi.

Hawa na uku hafsoshi ne, su ma kashi biyu. Ƙanana su ne su-liyetna, liyetna da kapiten. Manya su ne kumandan, liyetna-kolonel, kolonel, sai kolonel-majo. Wannan na ƙarshen babu shi a rundunar Faransa ta yau, amma mu da Mali da Burkina muna da shi, wani masauƙi ne tsakanin kolonel da janar, kuma kowa ya ji sunan a daren 26 ga Yuli 2023 sanda kolonel-majo Amadou Abdramane ya karanta sanarwar kifar da gwamnati a telebijin. Ƙofar wannan hawa ita ce makarantar hafsoshi ta ƙasa ko makarantun ƙasashen waje, kuma da yawansu sun fara ne tun suna yara a Piritane, makarantar sakandaren soja ta Yamai. A taƙaice liyetna ke jan mutum talatin zuwa arba'in, kapiten ke riƙe kamfani mai mutum ɗari da wani abu, kumandan ko liyetna-kolonel ke riƙe bataliya mai ɗaruruwa, kolonel ko kolonel-majo kuwa shi ake ba yanki sukutum, kamar yankin tsaro na 4 da ke da mazauni nan Tahoua.

Hawa na huɗu janar-janar: na birgad, na dibiziyon, na kor-darme, sai janar darme a ƙarshe.

Kalmar liyetna ma da Faransanci ma'anarta mai riƙon wuri, kamar mu ce muƙaddashi ko wakili. Da ka riƙe wannan ba za ka ƙara ruɗewa ba, liyetna wakilin kapiten ne, liyetna-kolonel wakilin kolonel ne, wato yana ƙasa da shi duk da sunanshi ya fi tsawo.

Yadda ake karanta kafaɗa

Wata rana ina ɗan makarantar firamare kawu ya buɗe kantin ɗinshi, akwatin ƙarfen nan kore da kowane soja ke da shi, ya fiddo wata tsohuwar gwangwanin madara cike da galo, ya jera min su kan tabarma daga na farko har na ƙarshe. Ya ce, "Ɗana, duba nan, kar ka ƙirga tukuna, fara duba siffa." Abin da ya nuna min ke nan kuma har yau shi nake amfani da shi.

In galon a lanƙwashe yake mai kusurwa kamar ƙafar kaza, to mutumin daga soja ne zuwa sarjan-shef. A tsarin da muka gada na ƙananan sojoji zare ne mai launi, na sarjan kuwa mai ƙyalli ne, biyu sarjan, uku sarjan-shef. In galon miƙaƙƙe ne guda ɗaya amma da wani siririn zare ja ya ratsa tsakiyarshi, ajidan ne ko ajidan-shef. Wannan zaren shi ne duk bambancin da ke tsakanin dattijon da ya yi shekara ashirin da wani abu a kaki da yaron da ya fito makarantar hafsoshi jiya, don shi ma su-liyetna miƙaƙƙe ɗaya gare shi, sai dai nashi babu zare. Kuma dattijon ne zai fara sara ma yaron. Na tambayi kawu ko abin bai mishi ciwo, ya yi dariya ya ce galon yake sara ma, yaron kuwa in yana da hankali da dare zai zo ɗakinshi ya tambaye shi yadda ake yi.

Daga nan lissafi ne kawai. Miƙaƙƙe ɗaya su-liyetna, biyu liyetna, uku kapiten, huɗu kumandan, biyar kolonel. Liyetna-kolonel shi ma biyar gare shi amma launi biyu a cakuɗe, ruwan zinariya da ruwan azurfa, na cikakken kolonel kuwa launi ɗaya ne duka. Daga nesa ba ka rabe su, kuma a baki ma duka biyun mon kolonel ake ce musu, kamar yadda ake ce ma su-liyetna mon liyetna, ladabin bariki ne, ba a tuna ma mutum cewa saura ƙiris bai kai ba.

Tauraro kuwa na janar ne shi kaɗai. Biyu na birgad, uku na dibiziyon, huɗu na kor-darme, biyar janar darme. Ka lura babu mai ɗaya. Dalili tsoho ne, a zamanin sarakunan Faransa akwai wani muƙami mai tauraro ɗaya da aka soke dab da juyin juya halinsu na 1789, sauran suka ci gaba da adadinsu, mu kuma muka gaji lissafin haka nan da giɓinshi.

Sauran kayan da ke jikin riga ba galo ba ne. 'Yan ƙyallayen nan masu launi-launi da ke jere a ƙirji lambobin yabo ne, fukafukin ƙarfe alamar ya yi horon dirar lema ne, alamar hannun riga ta rukuninshi ce. Za ka ga kaporal-shef da ƙirji cike, kapiten kuma babu ko ɗaya. In kuma kakin daji ne ya sa, galon ba a kafaɗa yake ba, a tsakiyar ƙirji ake manna shi.

Daga Konni zuwa Illela lissafi ya juye

Yawancin gardamarmu daga nan ta samo asali, don mu mutanen jihar Tahoua ƙafa ɗaya nan ƙafa ɗaya Sakkwato, kuma kunnenmu kullum yana kan gidajen rediyon Hausa da ke amfani da kalmomin can.

A Najeriya tauraro na ƙananan hafsoshi ne, anini suke ce mishi. Anini ɗaya ƙaramin laftanan, biyu laftanan, uku kyaftin. Manjo mikiya gare shi, laftanan-kanar mikiya da anini ɗaya, kanar mikiya da biyu, birgediya mikiya da uku, daga manjo-janar zuwa sama kuma sai ka ga takobi da sanda a gicciye. Ni kaina na taɓa kwasar kunya, karona na farko da na ƙetara na ga wani da taurari uku reras a bakin shinge, na cire hula na duƙa ina ranka ya daɗe janar, direban motarmu ya yi ta dariya har Gwadabawa, ashe kyaftin ne, daidai da kapiten ɗinmu mai galo uku.

Ga wasu tarkunan kuma. Manjo a can babban hafsa ne, daidai da kumandan ɗinmu, majo a nan ko suzofisiye ne, kuma in ka je asibitin unguwa ka ce kana neman majo, babban malamin jinya za a nuna maka, ko bindiga bai taɓa riƙewa ba. Birgediya a can janar ne, a tsarin Faransa birgadiye ƙaramin muƙami ne da ake ji wajen 'yan sanda da duwan. Kofur da saje da samanja da igiya kalmomin can ne, kaporal da sarjan da ajidan da galo namu ne. Shi kuma kumandan da kakanninmu ke ba da labarinshi, mai karɓar haraji da aikin dole, ba lalle soja ba ne, jami'in mulkin mallaka ne mai riƙe da gunduma, sunan ne kawai ya zo ɗaya, shi ya sa har yau tsofaffi ke jin kumandan ya fi kowa.

To yanzu mu dawo kan tauraro biyar. A lissafin Amurka da ake kwatanta janar-janar na Najeriya da shi, daga ɗaya ake farawa, cikakken janar huɗu ne. Mu daga biyu muke farawa, cikakken janar biyar ne. Ke nan janar darme namu mai biyar da cikakken janar nasu mai huɗu tsara ne, hawa huɗu kowa ya taka. Marshal wani abu ne daban. A Faransa taurari bakwai gare shi kuma karramawa ce ta ƙasa ba matakin aiki ba. Maƙwabciyarmu Chadi ta ba Idriss Déby shi a Agusta 2020, ɗanshi Mahamat ya samu a Disamba 2024, a da can Bokassa da Mobutu da Idi Amin duk sun ɗaura. Tiani ba marshal ba ne, janar darme ne, ƙarshen tsanin rundunarmu.

Galo daban, kujera daban

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Galo yana faɗin matakin mutum a tsani da albashinshi da wanda zai fara sara ma wani. Kujera kuwa, wato aikin da aka ɗora shi a kai, ita ke faɗin mutum nawa da makami nawa ke ƙarƙashin umurninshi. Akwai kolonel da ke zaune a biro daga shi sai sakatare da fanka, akwai kapiten da ke da mutum ɗari da motoci masu sulke suna jiran ya ɗaga hannu. Likitan soja ma yana kai kolonel, mai kula da kuɗi da kayan abinci shi ma haka, amma ba su ke jan daga ba.

Ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe. A masarautun da, Ƙaura a Katsina da Maraɗi ko Madawaki a wasu wurare ba su ne sarki ba, wani lokaci a zaman fada akwai waɗanda ke gabansu, amma dawaki da mayaƙa a hannunsu suke, kuma kowane sarki ya san da wa zai kwana lafiya.

Duba tarihinmu. Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché yana liyetna-kolonel ya kifar da Diori Hamani, amma shi ne shugaban hafsoshin rundunar a lokacin, galo da kujera sun tafi tare. Cikin abokan tafiyarshi har da Mamadou Tandja, wanda ya zo ya yi mana perefe nan Tahoua daga 1981 zuwa 1988. Da Kountché ya rasu a Nuwamba 1987, Ali Saibou da ya gaje shi shi ma shugaban hafsoshi ne. Ibrahim Baré Maïnassara ran 27 ga Janairu 1996 kolonel ne kuma shugaban hafsoshi. Har nan dai tsani bai karye ba, na sama ne ke ɗaukar mulki.

Daga 1999 abin ya sake. Ran 9 ga Afrilu aka kashe Baré a filin jirgin Yamai, wanda ya hau kuwa Daouda Malam Wanké ne, kumandan mai galo huɗu, ga kolonel-kolonel birjik a ƙasa, amma shi ke riƙe da masu gadin fadar shugaban ƙasa. Ran 18 ga Fabrairu 2010 Salou Djibo ya kifar da Tandja yana shef deskadron, wato kumandan ne shi ma, sunan ne ke canzawa a ɓangaren manyan bindigogi da motocin sulke da jandarma, kuma rukunin da yake jagoranta a Yamai shi ke da manyan makamai. A 2023 Tiani taurari biyu gare shi, akwai waɗanda suka fi shi, Salifou Mody ma da ya zama ministan tsaronshi ya fi shi taurari a lokacin, amma tun 2011 shi ke shugabantar masu gadin fada. A waje ma haka, Thomas Sankara kapiten ne, Samuel Doe na Laberiya a 1980 ko hafsa bai kai ba, babban saje ne, Yakubu Gowon a 1966 laftanan-kanar ne da na gaba da shi a raye.

To amsar tambayar Traoré ke nan. Kolonel da ke sara mishi ba galo uku yake sara ma ba, kujerar shugaban ƙasa kuma babban kwamandan askarawa yake sara ma, kamar yadda janar-janar namu suka yi shekara goma suna ƙame ma Mahamadou Issoufou, farar hula ɗan Dandaji da ko kurtu bai yi ba.

Tsallaken galo: masu cewa daidai ne da masu cewa a'a

A ƙa'ida galo hawa-hawa ne. Sai ka yi adadin shekarun da doka ta yanka a mataki, ka yi kwas, ka ci jarabawa, manyanka su rubuta maka shaida mai kyau, sunanka ya fito a jerin waɗanda za a ƙara ma girma, janar kuma sai da dokar shugaban ƙasa. Amma akwai ƙofar da ake kira ƙarin girma na musamman, kuma ta nan shugabannin mulkin soja ke bi. Salou Djibo daga galo huɗu ya dira taurari huɗu a 2010. Assimi Goïta na Mali daga kolonel ya zama janar darme a Oktoba 2024 tare da ƙarin girma ga abokan tafiyarshi. Mamadi Doumbouya na Gini ya yi nashi a hawa biyu cikin 2024. Tiani daga biyu ya koma biyar bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 2025 ya ba da shawarar haka.

Masu goyon baya hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa gidan soja gidan ladabi ne, in shugaba yana ba da umurni ga wanda ya fi shi taurari, kullum akwai ɗan tsami a ƙasa, gara a daidaita galo da kujera a huta. Suna ƙarawa da cewa in ya zauna da takwarorinshi na waje bai kamata a gan shi a ƙasa ba, kuma ƙasa tana cikin yaƙi, umurni na son baki ɗaya.

Masu suka kuma suna cewa tsani in aka saba tsallake shi daraja yake rasawa. Wanda ya yi shekara talatin yana bin layi ya ga wani ya wuce shi dare ɗaya, mi za ka ce ma yaron da ke makarantar hafsoshi yau game da haƙuri? Suna kuma cewa in na sama ya hau dole a ja na kusa da shi su ma, taurari su yi yawa, kowane tauraro kuma da mota da gida da masu gadi da alawus ɗinshi, duk daga baitulmali ɗaya da ake sayen takalmin kurtu. Su ne ke kawo misalin Traoré da ya zauna a kapiten ɗinshi tun Satumba 2022, da Wanké da ya miƙa mulki a Disamba 1999 ba tare da ya zama janar a kan kujera ba.

Ni a nawa ganin duka ɓangarorin suna ba tauraron nauyin da bai kai ba. Ranar da Tiani ke da biyu ba wanda ya ƙi bin umurninshi don ƙarancin tauraro, ranar da ya samu biyar kuma ba bataliya ko ɗaya da ta ƙaru a Tillabéri ko Diffa ko nan arewacin Tahoua saboda haka. Inda nake ganin maganar masu suka ta fi ƙarfi shi ne kan na ƙasa, don sarjan da ya cika shekarunshi yana daji sunanshi bai fito ba shi ne abin ke ci a rai, kuma shi ne ke riƙe da mutum goman nan.

Ba duk mai kaki ne soja ba

Wannan gajere ne amma yana ruɗa mutane. Sojan ƙasa da na sama da jandarma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Ba mu da sojan ruwa tunda ba mu da teku. Gardi, wato rundunar tsaron ƙasa da a da ake ce ma FNIS, da 'yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Duwan na ma'aikatar kuɗi ne, jami'an gandun daji kuma na muhalli. Jandarma muƙamansu irin na soja ne sai dai a madadin sarjan suna cewa marshal-de-loji, kar ka ji marshal ka zabura, daidai da sarjan yake. 'Yan sanda kuwa nasu tsanin daban ne, su ke da insifekta da kwamishina. Kolonel na duwan kolonel ne a gidansu, ba ya da ikon ba sojan FAN umurnin harbi.

Mi ya shafe ni, ni da ke saida albasa?

Ya shafe ka ta wajen aljihu da farko. Wata ƙanwar mahaifiyata ta taɓa saida tumaki biyu ta tura kuɗin ta waya ga wani da ya kira ta ya ce shi kolonel ne a Yamai, zai sa sunan ɗanta a jerin masu shiga soja. Hoton da ya turo mata na gani daga baya, mutum ne da kaki da galo mai kusurwa biyu, wato ko da hoton nashi ne na gaskiya bai wuce sarjan ba, kuma tun ranar da kuɗin suka shiga lambar ba ta ƙara shiga ba. Da akwai wanda ya iya karatun kafaɗa a gidan da tumakin suna nan. Sa kaki ko galon da ba naka ba laifi ne da doka ke hukuntawa, amma masu yi sun san yawancinmu da mun ga kaki gwiwa ke sanyi.

Ya shafe ka a hanya. In an tsare ku a shinge tsakanin Tahoua da Abalak ko hanyar Konni aka samu saɓani, ba wanda ya fi ɗaga murya ne shugaba ba, duba ƙirji ka nemi mai galo mafi girma ka yi mishi magana da ladabi, sau da yawa sarjan ne ko ajidan, kuma kalma ɗaya daga bakinshi ta kashe maganar. In ƙara za ka kai, sanin cewa jandarma ne ko gardi ko ɗan sanda shi zai nuna maka ƙofar da za ka buga, in ba haka ba ka yini ana tura ka daga biro zuwa biro. Kiran mutum da muƙaminshi na gaskiya ma yana da amfani, ka ce ma sarjan-shef shef, ka ce ma ajidan mon ajidan. Maroƙan biki ne kawai ke da lasisin maida kaporal kolonel, shi ma don ya yi liƙi ne.

Ya shafi gidajen da ke da ɗa a kaki, kuma a Ader yanzu da wuya ka samu zuri'ar da babu. Albashi da galo yake tafiya, shekarun ritaya da galo suke tafiya, ƙaramin soja yana barin aiki da sauran ƙarfinshi tun kafin hafsa, fansho da abin da za a ba iyali in ta Allah ta kasance duk a kan galon ƙarshe ake lissafa su. Shi ya sa in ka ga an tara 'yan uwa ana dafa shinkafa don yaro ya samu kaporal kar ka ce abin bai kai ba. Kuma uba mai son ɗanshi ya shiga soja ya kamata ya san ƙofar da yaro ya shiga ita ke yanke mishi nisan tafiya, wanda ya shiga kurtu da wanda ya daure ya gama karatu ya ci gasar makarantar hafsoshi, ko da shekararsu ɗaya, bayan 'yan shekaru ɗaya zai riƙa buɗe ma ɗaya ƙofar mota. Ana iya hawowa daga ƙasa har a zama hafsa, Salou Djibo kanshi daga ƙaramin soja ya fara, amma hanyar doguwa ce kuma ba kowa ke kaiwa ba.

Kawu dai a ajidan-shef ya tsaya. Yaron nan su-liyetna da ke zuwa ɗakinshi da dare ya kai kolonel daga baya, kuma duk sanda aiki ya kawo shi Tahoua sai ya biyo gida, ya bar direba da mai gadi a waje, ya tuɓe takalmi a zaure ya zauna ƙasa kan tabarma yana ce mishi Baba. Shi kuma kawu, da sandarshi da ciwon gwiwarshi, sai ya yunƙura ya miƙe tsaye tukuna ya ce mon kolonel, sannan ya koma ya zauna a aiko da fura.